Ƙyallayen Kawu a Ƙofar Layinmu

Da Kawu ya rasu, kowa ya zo zaman makoki da irin Kawun da ya fi masa daɗin tunawa. Modibbon masallacinmu ya ce mutum ne mai haƙuri. Na sunkuyar da kai, domin Kawu yana da halayen kirki da yawa, amma haƙuri ba ya cikinsu. Tsofaffin ɗalibansa sun zo, wasu da furfura, wani likita, wani ɗan sanda, suna ta ba da labarin yadda yake zana ƙwayar halitta a allo da hannu biyu lokaci guda. A cikin gida kuma Madam mai kemis ɗin bakin layi, 'yar ƙabilar Ibo da ta tsufa a unguwarmu ta Limawa, ta zauna a gaban Dada, matar Kawu, tana kuka tana cewa, "Malam na my father. Shi ya koya ma yarana duka, ko sisi bai karɓa ba." Dangin cikin Yola suna ta shigowa suna ce wa Dada munyal, munyal, wato a yi haƙuri, ita kuwa tana amsawa da kai kawai.

Duk wannan na jure shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne abin da ya faru ranar sadakar uku. Bayan an shafa addu'a, Ciyaman na kwamitin layinmu ya miƙe ya gyara babbar rigarsa, ya ce, "Jama'a, kowa ya san Malam ne ya kawo shawarar ƙofar ƙarfen nan da ke bakin layi. Shi ya tsare mu. Kwamiti ya yanke za a yi mata sabon fenti, a rubuta sunansa a kai, don 'ya'yanmu su san shi."

Wuri ya ɗauki masha Allah. Hamma, babban ɗan Kawu, wanda ya iso daga Abuja bayan an riga an binne, ya tashi ya riƙe hannun Ciyaman da hannu biyu yana godiya. Ni kuwa kafaɗata ta dama tana zugi har lokacin, kuma ƙofar nan ce ta ji mini ciwon.

Ga yadda aka yi. Layinmu hanya ɗaya gare shi, ƙarshensa katangar makaranta ce. A bakinsa akwai ƙofar ƙarfe mai babban murfi da ƙaramar kafa ta masu tafiya a ƙasa. Babban murfin ya yi shekaru ba a buɗe shi ba. Ranar jana'iza, da muka ɗauko makara muka iso, sai aka ce Ciyaman ya riga mu gaba zuwa maƙabarta da makullin a aljihu. Makara ba ta shiga ƙaramar kafa a miƙe. Sai da muka karkata ta gefe guda, mutum biyu suna tare gawar da ƙirjinsu don kada ta zame, ni ina ƙasa nauyin duk ya sauko mini. Haka Kawu ya fita daga layin da ya zauna fiye da rabin rayuwarsa, a karkace, ta ƙofar da ya yi shekaru yana roƙon a cire. Ita ce za a rubuta wa sunansa. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da ban saba da shi ba.

Ni tela ne. Kawu wan mahaifiyata ne, shi ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifina, ya sa ni a makarantar da yake koyar da bayoloji. A ajinsa na faɗi jarrabawa, kuma bai taɓa barin in manta ba. Ko da na yi aure na haifi 'ya'ya, in ya shigo shagona da baƙo, sai ya ce, "Wannan ɗana ne. Ya iya wuyan riga, amma kada ka tambaye shi ina hantarsa take." Bayan ya yi ritaya, shagon nan da ke daf da bakin layi ya zama ajinsa na ƙarshe, ni kuma ɗalibin da ba shi da hanyar gudu. Zai zauna a benci da rediyonsa a kashe, ya jira in sa ƙafa a keken ɗinki, sannan ya fara.

Abu guda ya fi so a duk karatunsa, kuma ya maimaita mini shi har na iya kamar Fatiha. Ya ce jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana da ma'aikata a cikinta da ake kira furotin. In ƙwaya za ta rabu biyu, don yaro ya girma ko miki ya warke, sai ta ƙera wani furotin da zai tura ta cikin aikin. Ya yi ta ƙaruwa har rabuwa ta kama.

"To daga nan sai me?" zai tambaye ni.

"Sai ta gode masa," in ce, don in tsokane shi.

"Sai ta rushe shi, sakarai. Wanda ya fara aikin, in bai tafi ba aikin ba ya ƙarewa. Ƙwayar sai ta tsaya a tsakiya, ba ta zama biyu ba, ba ta koma ɗaya ba. Mutane suna zato girma ƙari ne kawai. Rabinsa cirewa ne."

Ya ce kuma ƙwaya ba ta rushe abu da ka. Sai ta fara ɗaura masa wata 'yar alama. Alamar tana da suna na Turanci da harshena bai taɓa iya juyawa ba, don haka ya ɗauki guntun atamfa daga ƙasan tebur ɗina ya ce in ɗauka ƙyalle ne. Ƙyalle ɗaya ba ya isa. Sai an ɗaura wani a kan wani har ya yi jela, sannan wani injin niƙa da ke cikin ƙwayar ya gane cewa wannan ya gama aikinsa, ya ja shi ya daddatsa. Gutsattsarin ma ba a zubarwa, da su ake ƙera sabo.

Kuma haka yake rayuwa, abin da ya sa zama da shi ke da wuya. A gonarsa ta Namtari, in masara ta tsiro uku a rami, sai ya cire biyu ba tare da ya ji komai ba, Dada tana cewa mutumin nan ba shi da tausayin shuka. Duk ƙarshen shekara yakan fito da rigunan da bai sa ba ya rabar. Ya taɓa shugabantar ƙungiyar gyaran rijiyar unguwa, ranar da ruwa ya fito ya ce ƙungiya ta mutu, kowa ya koma gida. Mutane sun ji haushi, domin an riga an zaɓi ma'aji da mai tsawatarwa.

Sai shekarar da masifar 'yan ta'adda ta sauko daga arewacin jiha. Wanda bai ga garinmu Jimeta a lokacin ba, ba zai gane ba. Mutane suna shigowa a bayan manyan motoci, wasu a ƙasa, ƙafafu a kumbure, mace da tukunya ɗaya da yaran da ba duka ne nata ba. Kawu ya kwashe littattafansa daga zaure ya zuba a buhu, ya ba wani magidanci da iyalinsa wurin. Bai tambaye shi addininsa ba, sai da Lahadi ta zo muka ga ya wanke riga ya nufi coci. Mutumin nan bai koma garinsu ba. Daga baya ya kama haya a unguwar Vinikilang, ya samu keke mai ƙafa uku yana ja, kuma har Kawu ya mutu bai yarda wani ya ɗauke shi ba sai shi. Mai keken Kawu muke ce masa.

Bayan haka abin ya iso mu har gida. Bam ya tashi a cikin gari, kuma cikin waɗanda suka mutu har da ɗan Ciyaman, saurayi da aka aika sayen kayan shago. Kawu ne ya raka uban asibiti neman gawa, shi ya wanke gawar, domin uban ya kasa. Da aka taru a masallaci ana tambayar yadda za a yi, Kawu ne ya ce a sa ƙofa a bakin layi, a san mai shiga da mai fita. Wannan gaskiya ne, ban musa wa Ciyaman ba. Amma ina wurin, kuma na ji sauran maganar da kowa ya manta. Kawu ya ce, "Mu sa ta, amma mu yi alkawari yanzu, ranar da hankali ya kwanta za mu cire ta da hannunmu." Kowa ya ce to. A lokacin da an ce mu yi alkawarin cin ƙasa ma za mu ce to.

Hankali ya kwanta a hankali. Sojoji suka janye shingayensu a manyan tituna, kasuwa ta koma cika, aka daina laluben mutane a ƙofar masallacin Juma'a. Ƙofarmu kuwa ta zauna. 'Yan sintirin da ke gadinta suka watse, kowa ya kama sana'arsa, sai aka kulle babban murfin gaba ɗaya aka ba Ciyaman makulli. Masu mota biyu da ke layin suka saba ajiye motocinsu a gidan mai. Mai shayi ya kafa teburinsa a inuwarta, mai gyaran waya ya jingina rumfarsa da ita. Ƙasa ta taru a gindinta har ciyawa ta fito. Yaran da aka haifa bayan rikicin suna zato da ita aka halicci layin.

Kawu ya fara da lalama, abin da ba halinsa ba. Ya bi gida gida. Kowa ya ce masa gaskiya ne Malam, sai dai a tuntuɓi Ciyaman. Ya kawo maganar a taron kwamiti, aka ce za a duba. Ya sake kawowa, aka kafa ƙaramin kwamiti na dubawa. Ranar ya dawo shagona yana huci, ya ce, "Na je a rushe abu ɗaya, na dawo an ƙera biyu."

Rigimarsu da Ciyaman a gabana aka yi ta, wata la'asar, a bencin shagona. Ciyaman ya ce, "Malam, kai mai ilimi ne, amma in sun dawo fa? Ka manta?"

"Ban manta ba, Alhaji. Ni na wanke shi."

Na ɗauke ƙafata daga keken ɗinki. Kawu ya sassauta murya. Ya ce a cikin ƙwaya akwai wani furotin mai gadi, wanda in ɓarna ta faru yake tsayar da komai har a gyara. Amma a lokacin lafiya ƙwaya tana ƙera shi tana rushe shi, tana ƙera shi tana rushe shi, ba ta bari ya taru. Sai ranar haɗari take daina rushewa, nan da nan ya yi yawa ya tare hanya. In haɗari ya wuce, a koma rushe shi. In aka bar shi tsaye kullum, ƙwayar ba za ta ƙara girma ba.

"Abin da za mu ajiye shi ne sanin yadda ake haɗa kai a sa ƙofa cikin yini ɗaya," in ji Kawu. "Wannan muna da shi. Ƙarfen ba shi ne tsaron ba. Yau wa ke gadinta? Wanda zai cuce mu ta ƙaramar kafa zai shigo da ƙafarsa. Wanda take tarewa shi ne mai naƙuda da motar kashe gobara."

Ciyaman ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ni ban san ƙwaya ba, Malam. Ni dai in na ga ƙofan nan a rufe ina iya barci." Ya tashi ya tafi.

Na zaci Kawu zai bi shi da faɗa. Bai bi shi ba, kuma daga ranar bai ƙara ambaton ƙofar a gaban mutumin ba, ko a taro. Na tambaye shi dalili, ya ce ba a jayayya da uba a kan kabarin ɗansa. Amma Kawu ba mai barin magana ba ne. Washegari ya shigo shago ya tsugunna yana tsince ƙyallayen da na zubar.

Na farko ya ɗaura shi ne ranar da aka fito da wata maƙwabciyarmu tana naƙuda, aka ɗauko ta a tabarma daga ƙarshen layi har bakin titi saboda keke mai ƙafa uku ba ya shiga. Ya je ya ɗaura jan ƙyalle a sandar babban murfin, bai ce wa kowa komai ba. Da kurar mai ruwa ta maƙale a ƙaramar kafa jarkoki suka fashe, ya ɗaura wani a jikin na farko. Da wuta ta kama ɗakin girkin wani gida aka kashe ta da bokiti, motar kwana-kwana tana tsaye a waje, ya ƙara. Da aka sauke wa Madam kwalayen magani a titi ruwan sama ya jiƙa su, ya ƙara. A hankali abin ya zama doguwar jela mai launi iri iri tana reto.

Mutane suka yi ta surutu. Wasu suka ce tsufa ya fara taɓa Malam. Wata ta ce asiri ne, har Modibbo ya zo ya tambaye shi a asirce. Yara suna ja suna wasa da ita. Madam kaɗai ta tsaya ta tambaye shi ma'anar, da ya gaya mata ta ce, "Malam, mutanen nan no go understand. Ka faɗa musu da baki." Ya ce da baki ya fara. Ni kaina na ce masa, "Kawu, a ƙwaya akwai injin da ke ganin alamar. A layinmu wa zai gani?" Ya harare ni ya ce ashe dai ina saurare, da na yi haka a aji da yanzu ba wuyan riga nake yi ba.

Ciwon ya fara masa da rama. Da aka gama gwaje-gwaje aka ce ciwon daji ne a hanji, shi ya yi wa Dada bayani da Fulatanci, likitan yana tsaye yana kallo. A hanya ya ce mini, "Ka ga abin da nake gaya maka. Ko dai wani abu da ya kamata a rushe a jikina an bar shi yana ta tura ƙwayoyi su rabu, ko kuma an rushe mai gadi a ranar da ake bukatarsa. Ko ta ina, lissafin cirewa ne ya lalace." Yana faɗa kamar labarin wani ne, har da ɗan jin daɗin cewa karatunsa ya fito daidai.

Da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, sai muka koma ɗaukarsa a farar kujerar roba. Duk ranar asibiti, mai keken Kawu zai zo ya tsaya a wajen ƙofa, ya shigo da ƙafa, shi ya kama gefe ni in kama gefe, mu bi layin nan mai tsawo da rami, mutane suna sannu Malam, sannu Malam. A ƙaramar kafa sai mun ɗaga kujerar mun tsallake dokin ƙarfen da ke ƙasa, kuma duk tsallakewa sai ya cije leɓe. Mutumin da ya tsaya a gaban aji shekara da shekaru, ana wucewa da shi a kujerar biki a gaban masu shan shayi. Na ce zan je in karɓo makullin ko da faɗa ne. Ya ce in na je kada in ƙara shiga gidansa. Na ce to bari in ɗaura ƙyalle saboda shi. Ya ce a'a, ba ya ɗaura wa kansa, kada a ce don kansa yake yi. Wannan taurin kan nasa ya fi komai ƙona mini rai, kuma har yau ban gama huce shi ba.

Ciyaman yana zuwa duba shi kullum da kankana ko lemo. Su zauna su yi hirar farashin taki. Ko sau ɗaya bai ce bari in buɗe maka ba, Kawu kuma ko sau ɗaya bai roƙa ba. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗaki ina kallon dattawa biyu masu ƙaunar juna suna kewaye magana ɗaya kamar rami a hanya.

Bayan sadakar uku na samu Hamma na gaya masa komai, har da yadda aka karkata makara. Ya ce, "Na ji ka. Amma mutane sun zo da karamci, in ce musu ba ma so? Ai abin kunya ne. Baba ya riga ya tafi, suna ne kawai a ƙarfe." Ya koma Abuja. Kafin arba'in aka zo da almakashi aka yanke jelar ƙyallayen nan, aka zuba a kwata. Almakashin ma nawa aka zo aro, na hana, aka samo a wani wuri. Aka yi wa ƙofa koren fenti, mai rubutu ya zana sunan Kawu da fari, manya manyan baƙaƙe, daga saman babban murfin har kan ƙaramar kafa. Ya yi kyau, wannan ne abin haushin. Duk wanda ya wuce sai ya ce Allah ya ji ƙan Malam, an kyauta masa.

Dada tana cikin takaba, ba ta fita, amma labari ya same ta. Ita 'yar tsohon gidan cikin Yola ce, irin matan da ba sa kiran sunan miji. Tun da na taso ban taɓa jin sunan Kawu a bakinta ba. In ta matsu sai ta ce "shi", ko "mai gidan nan". Ko wani yaro mai irin sunan ta gani, sai ta sa masa wani. Ta kira ni ta ce, "Gaskiya ne an rubuta shi a ƙofan?"

Na ce gaskiya ne, Dada.

"A sama?"

Na ce a sama, duk mai fita ta ƙarƙashinsa zai bi.

Ta ja carbinta. Sannan ta ce, "Ni ban kira shi ba duk zamanmu, sai ƙarfen da ya wahalar da shi ne zai kira shi. To ni ba zan sunkuya a wurin ba."

Na ɗauka maganar baƙin ciki ce. Amma na san gidan da na tashi, don haka na fara damuwa. Dada tana da hawan jini, tana da ranar ganin likita, ga 'yan'uwanta a cikin Yola da al'ada ta ce ta je ta gaishe su in ta fita takaba. In ta ce ba za ta bi ta ƙaramar kafa ba, to ba za ta bi ba, kuma layinmu ba shi da wata hanya. Na kira Hamma, ya ce a lallashe ta. Na je wurin Modibbo, ya ce zai yi wa Ciyaman magana in ya ga fuska. Watanni suka wuce yana neman fuskar.

Ranar da ta fita takaba, da hantsi, ta yi wanka ta sa sabon zane da mayafi. Ta ce in kira mai keken Kawu, za ta cikin Yola. Ta ce kuma in ɗauko farar kujerar. Na bi ta a baya da kujera a ka, tana tafiya a hankali, mata suna leƙowa suna yi mata barka. Da muka iso bakin layi ba ta ko kalli ƙaramar kafar ba. Ta nuna mini gaban babban murfin, na ajiye, ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya. Ta ciro wani farin ƙyalle daga jakar ta miƙo mini. Ragowar likkafanin Kawu ne.

"Ɗaura. Na makaran ne. Shi bai yarda a ɗaura masa ba, amma yanzu ba shi da ta cewa."

Na ɗaura a kan sabon fentin. Mai keke yana waje yana leƙe ta tsakanin sanduna. Mai shayi ya ce, "Dada, ga hanya nan ai." Ta ce, "Na gani. Ina jira ne."

Rana ta fara zafi. Madam ta rufe kemis ta zo da lema ta tsaya a kanta, sannan ta yage bakin ɗankwalinta ta ɗaura a jikin farin. Matar da aka taɓa ɗauka a tabarma ta fito da yaron a hannu, yanzu har ya shiga makaranta, ta aike shi shagona ya kwaso ƙyallaye. Ban san mata sun san ma'anar abin ba. Ashe duk shekarun nan da maza ke cewa Malam ya rikice, su suna ƙirga wa kansu abin da kowane ƙyalle yake nufi. Kafin azahar jelar ta kai ƙasa, mata sun cika bakin layi, babu mai ɗaga murya. Maza kuwa suka rasa inda za su sa idonsu, domin tsohuwa mai fita takaba tana zaune a rana a kan titi, kuma kowa ya san saboda me.

Aka kira Ciyaman daga kasuwa. Ya shigo ta ƙaramar kafa, ya tsugunna a gabanta ya ce, "Dada, don girmama shi muka yi."

"Na sani, Alhaji. Allah ya saka. Shi ya wanke naka, kai kuma ka ga yadda nawa ya fita."

Bai gani ba, yana maƙabarta a lokacin, kuma ina jin babu wanda ya taɓa gaya masa. Ya juyo ya kalle ni. Na gaya masa yadda aka karkata makarar, da mutum biyun da suka tare gawar da ƙirji. Ban ƙara komai ba, ban rage ba. Sannan ya tashi ya laluba aljihu ya ciro makullin, wanda ashe kullum yana jikinsa. Ya sa a kwaɗon, ya murɗa, ya ƙi. Ya sake murɗawa da hannu biyu. Tsatsa ta riga ta cinye cikin, ga fenti an shafe ramin da shi. Ko da ya zo da makullin ranar jana'iza, ba zai buɗe ba.

Ya jingina goshinsa da ƙarfen, kafaɗunsa suna motsi. Ba wanda ya matsa kusa. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "A kira mai walda."

Mai walda ya zo da janareta, ya yanke ta daga ginshiƙi. Ya tambayi abin da za a yi da ƙarfen, Modibbo ya ce tagogin Islamiyya ba su da sanduna. Ya tambayi ɓangaren da ke da sunan, ko a kai gida a ajiye. Dada ta ce a kankare a haɗa da sauran.

Ya kamata in ce na yi farin ciki. Ban yi ba. Aikin da aka yi shekaru ana kafa masa kwamiti bai kai tsawon hirar shayi ba. Kawu ya roƙa da baki, ya roƙa da ƙyalle, ya bi ta wurin a kujerar roba yana cije leɓe, duk muna kallo muna ce masa sannu. Sai da ya mutu, sai da matarsa ta zauna a rana, sannan muka ga alamar. Ina roƙon Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa fiye da yadda muka yalwata masa hanya, ya ba Dada tsawon rai, ya sanyaya zuciyar Ciyaman.

Da aka janye ƙarfen gefe, Dada ba ta hau keken a bakin titi ba. Ta tashi ta koma gida da ƙafa, ta ce a zo a ɗauke ta a ƙofar gidanta kamar kowa. Mai keken Kawu ya tayar da inji ya shigo layin a hankali, yana kauce wa ramukan da ya sani da tafin ƙafarsa, har ya tsaya daidai bakin zauren da ya taɓa kwana a ciki. Na iso bayansa da kujerar a ka. Ya kashe injin, ya kalli zauren, ya kalli kujerar.

"Taku uku ne fa daga gadon Malam zuwa nan," in ji shi.

Na sauke kujerar na mayar da ita cikin zaure, Dada ta fito ta hau.